Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: "Tambayar Wani Ɗan Uwana Ce"

Assalamu alaikum 'yan uwa. A makon jiya mun tsaya a inda na soma zama a majalisar bayan Isha da ke kudancin Jidda, can wajen Sabil, inda masu aikin kamfani da direbobi da 'yan buga-buga ke haɗuwa a kan shayi. Wannan makon labarin kaina zai ɗan huta. Zan shimfiɗa abin da zaman ya koyar kan haƙƙin baƙon ma'aikaci a Saudiyya, domin har yau mutane na faɗawa ramin da aka riƙa faɗawa a wancan lokacin.

Majalisar tana da ƙa'ida ɗaya wadda ba wanda ya taɓa furta ta: ba a tambayar sunan mai matsala. Mutum zai zo ya gaisa, a zuba masa shayi, sai ya gyara zama ya ce, "Baba, tambayar wani ɗan uwana ce." Kowa ya san ɗan uwan nan shi ne ke riƙe da kofi, amma ba mai ɗaga ido. Akwai hikima a ciki. Wanda igamarsa, wato katin izinin zamansa a ƙasar, ta mutu ba ya son a yi ta yawo da zancensa. Wanda gida ke masa kallon ya samu duniya ba zai iya cewa wata huɗu ba a ba shi albashi ba. Da zarar an cire suna, harshe yakan warware, a faɗi abin da ko mata ba a gaya wa ba.

Matsalar ita ce, mai ɓoye suna yakan haɗa har da abin da amsar ke rataye a kansa ya ɓoye. Zai ce "ya daɗe yana aiki", ba zai faɗi shekara nawa ba. Zai ce "sun rabu da kafili", wato uban aikin da igamarsa ke ƙarƙashinsa, ba zai faɗi wa ya saki wani ba. Ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi. Sunanka ba ya canza lissafi ko da riyal ɗaya, amma kwanan wata da kalmar da ke jikin takarda suna iya raba ka da dubbai.

Tambayar farko da ake yi wa "ɗan uwan" ita ce: me aka rubuta a gurbin sana'a a jikin igama? Ba aikin da yake yi ake tambaya ba, abin da aka rubuta. Direba biyu za su zauna a tabarma ɗaya, ɗaya direban kamfani ne, ɗaya an rubuta masa "sa'ik has", wato direban gida. Na farko yana ƙarƙashin dokar ƙwadago ta Saudiyya, kwantiraginsa na kan manhajar Qiwa. Na biyu yana sahun ma'aikatan gida tare da 'yan shagala, wato masu aikatau, da mai kula da lambun gida, dokar ƙwadago ta cire su a sashe na 7, suna da tsarinsu daban, kuma harkarsu ta manhajar Musaned take bi. Sauye-sauyen da suka fara aiki ranar 14 ga Maris 2021, waɗanda suka sassauta sauya wurin aiki da neman bizar fita, ba su haɗa da ma'aikatan gida ba. Duk wanda ya amsa wa direba tambaya bai fara tantance wannan ba, harbi yake cikin duhu.

Abin da ya fi kawo mutane majalisa shi ne kuɗin sallama, wanda Larabawa ke kira mukafa'atu nihayatil hidma. Lissafin ma'aikacin kamfani yana sashe na 84: rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin shekaru biyar na farko, sannan cikakken albashin wata a kan kowace shekara bayan haka. Da albashin ƙarshe ake lissafi, kuma guntuwar shekara ma ana ƙirga ta gwargwadonta. A ɗauki mai karɓar riyal 2,000 da ya yi shekara 7. Biyar na farko sun ba da 5,000, biyun ƙarshe sun ba da 4,000, jimla 9,000. Kuma albashin da ake nufi ya haɗa da alawus ɗin da ake biya kowane wata, irin na gida da na mota, don haka wanda ya faɗi tsurar albashi kawai ya rage wa kansa tun kafin a kai ko'ina.

Wannan 9,000 ɗin ba kowa ke samun ta ba, kuma a nan ne kalma ɗaya ke yin ɓarna. Idan ma'aikaci ne ya ajiye aiki da kansa, wato istikala, sashe na 85 ne ke aiki. Ƙasa da shekara biyu, ba shi da komai. Daga biyu zuwa biyar, kashi ɗaya cikin uku. Sama da biyar har ƙasa da goma, kashi biyu cikin uku. Sai wanda ya cika goma ne ke karɓa duka. Mutuminmu mai shekara 7 ke nan ya sauko zuwa 6,000. To, kwantiragin baƙo mai wa'adi ne. Idan wa'adin ya cika, ma'aikaci ya sanar a kan lokaci cewa ba zai sabunta ba, wannan ƙarewar kwantiragi ce, haƙƙinsa cikakke ne. Yawancin mutanenmu ba sa karanta Larabcin ofis. Mutum ya jira wa'adi ya cika, sai a miƙo masa takarda a ce sa hannu a nan don a rufe fayil, kuma kanun takardar "istikala" ne. Riyal 3,000 sun tafi a kan kalmar da bai iya karantawa ba. Shi ya sa idan aka ce "ɗan uwana ya bar aiki", ba a wucewa sai an ji me aka rubuta.

Ga mata akwai wata ƙofa da ba a cika sani ba. Ma'aikaciyar kamfani da ta ajiye aiki cikin wata shida da ɗaura aurenta, ko cikin wata uku da haihuwa, tana da cikakken kuɗin sallama, sashe na 87 ya ba ta. 'Yar shagala kuwa lissafinta daban ne ƙwarai: albashin wata ɗaya ne bayan shekara 4 a jere a gida ɗaya. Nakan ji takaici idan na ji an zauna an yi wa baiwar Allah lissafin kamfani, ta riƙa ƙirga dubbai a zuci, ta je ta tarar ba haka ba.

Sai kwanan wata, wanda shi ne mutane suka fi raina wa. Dokar ta ce ana ƙirga wa'adi da kalandar Hijira sai dai in kwantiragi ko tsarin kamfani ya faɗi akasin haka. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11. A shekara guda ba wani abu ba ne, amma a shekara goma ya kai kusan kwana 110. Wanda ya yi shekara 9 da wata 9 a lissafin Miladiyya ya riga ya haye goma a lissafin Hijira, kuma tsakanin kashi biyu cikin uku da cikakken haƙƙi wannan 'yar tazarar ce. Saboda haka a duba kwantiragi a ga da wace kalanda aka rubuta shi kafin a yanke ranar tafiya.

Tambaya ta ƙarshe ita ce wadda ake jin nauyin amsawa: ya sa hannu a muhalasa? Takarda ce da ke cewa na karɓi dukkan haƙƙina, ba na bin kowa. Dokar ta ce yafe haƙƙi da aka yi alhali kwantiragi na tafiya ba shi da inganci sai in ya fi amfanar ma'aikaci. Amma wadda aka sa wa hannu bayan an rabu, warware ta aiki ne ja. Ba a sa hannu sai kuɗi sun shiga banki an gani. Kamfani na da mako ɗaya ya biya idan shi ya sallami mutum, mako biyu idan mutum ne ya tafi. In an ƙi, ana shigar da ƙorafi a ma'aikatar ƙwadago, a fara da zaman sulhu wanda ba ya wuce kwanakin aiki 21, in bai yiwu ba a tura kotun ƙwadago, waɗanda suka fara aiki a 2018. Kuma akwai wa'adi: wata 12 daga ranar rabuwa. Haƙurin "bari mu gani, ya ce zai biya bayan Hajji" ya cinye wa mutane da yawa wannan wa'adin.

Wannan ɓangaren mai tambaya ke nan. Mai amsa ma yana da nasa, domin inda ba a tambayar suna, ba a tambayar wa ya koya maka. Akwai dattijo mai gaskiya wanda iliminsa ya tsaya a dokar da aka daɗe da sauyawa. Zancen hurubu misali ne. A da, kafili na kai rahoton gudu, mutum ya wayi gari a matsayin mai laifi. Daga Oktoban 2022, ga ma'aikacin kamfani, ana fara rubuta cewa ya yanke daga aiki, a ba shi kwana 60 ya koma wani wurin aiki ko ya yi fita ta ƙarshe in ya cika sharuɗɗa, sai in ya bari sun wuce ne ake mayar da shi wanda ya ɓace. Mai tsohon ilimi zai ce masa ya ɓuya, shi kuwa ɓuyan ne zai ƙona masa kwanakin. Akwai kuma mai ba da labarin kansa a matsayin doka: shi an yi masa kaza, don haka kowa kaza za a yi masa. Wataƙila shi ma'aikacin gida ne, kai na kamfani.

Gwajin da ba ya ƙarya shi ne a tambayi mai amsa wane sashe, kuma wace shekara. Mai sani zai faɗa, ko ya ce a je a duba. Sannan a duba ɗin da gaske: matsayin igama a manhajar gwamnati ta Absher, kwantiragi a Qiwa, in ana shakka a kira lambar ma'aikatar, 19911. Gani ya kori ji. Alal misali, an san ma'aikacin kamfani na iya sauya wurin aiki ba da yardar kafili ba idan an hana shi albashi wata uku a jere, ko igamarsa ta ƙare ba a sabunta ba. Amma hujjar tana cikin takardar banki. Wanda ke karɓar albashi a hannu yana sa hannu a kan cikakken adadi alhali rabi aka ba shi, ya rubuta shaida a kan kansa.

Akwai kuma wanda ba amsa ya zo bayarwa ba, farauta ya fito. Ba ya magana a gaban mutane. Sai an watse ya bi mutum a baya, ko ya kira shi a waya, ya ce yana da hanya, zai ɗage hurubu ko ya samo tasrihin Hajji, wato takardar izini, a kan kuɗi kaza. Alamarsa ɗaya ce: shi bai faɗi nasa sunan ba, amma yana neman lambar igamarka, da kalmar sirrin Absher, da lambar da za ta shigo wayarka, ko ya ce ka buɗe Nafath, manhajar gwamnati ta tabbatar da cewa kai ne, ka danna lambar da zai faɗa maka. Wannan dannawar tamkar sa hannu ce. Da ita ake buɗe layi ko asusun banki da sunan mutum, a wuce da kuɗin zamba ta ciki, ranar da aka biyo sawu sunanka za a tarar. Babu ma'aikacin gwamnati da zai kira ya ce a karanto masa lambar nan. Shi kuma tasrihin bogi, a Hajjin 2025 tarar wanda aka kama ba shi da izini ta kai riyal 20,000, kuma baƙo ana mayar da shi ƙasarsa a hana shi shigowa shekara 10.

Wani abu da matasa ke mantawa: rufin sunan da majalisa ke yi na ladabi ne, a waya kuwa babu shi. Layin waya a Saudiyya da igama da zanen yatsa ake yi masa rajista. Wanda ransa ya ɓaci ya ɗauki hoton kafili ko sunan kamfani ya yaɗa da zagi, yana ganin ba a san shi ba, ya shiga hurumin dokar laifukan intanet ta 2007, wadda ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara ɗaya, ko tarar da ta kai riyal 500,000, ko duka biyun, a kan ɓata suna. Mai bin bashin 9,000 sai ya koma wanda ake tuhuma, ko da kuwa bashin gaskiya ne.

Tambayar da ake iya amsawa ga kamanninta, kuma babu suna ko ɗaya a ciki: ma'aikacin kamfani ne, sana'ar igama kaza, ya fara aiki ranar kaza ta Miladiyya, kwantiragi zai ƙare ranar kaza, albashi da alawus kaza ta banki, wata kaza ba a biya ba, bai sa hannu a komai ba tukuna. Mai wannan bayanin kafin shayinsa ya huce ya san adadin da yake bi da ƙofar da zai fara ƙwanƙwasawa. In kuma ya riga ya sa hannu, ya kawo hoton takardar, ya rufe sunansa da yatsa, a karanta masa sauran.

Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, za mu koma kan labari: rusau ɗin da aka yi wa unguwannin kudancin Jidda daga ƙarshen 2021 zuwa 2022, da yadda Sabil da Karantina da Gulail suka watse, da inda 'yan majalisa suka nufa da tabarminsu.