Abin da Gwanjon Kayan 'Yan Sama Jannati Ya Koya Mini a Aikin Kimanta Kadara

Sana'ata kimanta kadara ce a garin Bauchi. Gida, fili, shago, injin niƙa, tsohuwar motar ma'aikata da za a yi gwanjonta, kayan mamaci da magada ke son sanin darajarsu kafin a zauna rabon gado. Kowanne yana da ma'auninsa. Gida ka auna shi, ka duba unguwar, ka ji nawa aka sayar da na maƙwabci, nawa yake kawowa a haya. Mota ka duba shekarunta da lafiyar inji. Abin da idonka ya gani da abin da kasuwa ta faɗa, su ne rabin aikin.

Wannan ma'aunin bai yi mini amfani ba a aikin wani dattijo, injiniya mai ritaya, wanda yana ɗalibi ya saurari labarin saukar mutum a duniyar wata ta rediyo a 1969, abin bai taɓa barin zuciyarsa ba. Ɗansa da ke zaune a Amurka yana so ya saya masa wani abu na 'yan sama jannati a gwanjo, shi kuwa Alhaji ya ce ba zai yarda yaron ya zuba kuɗi ba sai wanda aikinsa kimantawa ne ya duba. Maigidana ya miƙo mini fayil ɗin ya ce, "Malam, wannan ba gida ba ne, amma dai kimantawa ce. Sai ka koma ɗalibi." Na zauna da kundayen gidajen gwanjo irin su Sotheby's da Heritage da RR Auction, ina bin kaya ɗaya bayan ɗaya, ina neman dalilin da ya sa wannan ya yi tsada, wancan ya faɗi.

Labarin da ya buɗe mini ido na wata 'yar farar jaka ce mai zik, wadda Neil Armstrong, mutum na farko da ya taka wata, ya yi amfani da ita a tafiyar Apollo 11 ta 1969 wajen ɗauko samfurin farko na ƙasar wata. Jakar ta ɓace daga lissafin NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta bi ta hannun wani shugaban gidan adana kayan tarihi a jihar Kansas wanda daga baya kotu ta same shi da laifin sayar da kayan da ba nasa ba. Da aka ƙwace kayansa sai aka rikita ta da wata jakar daban, aka saka ta a gwanjon gwamnati. A 2015 wata lauya daga jihar Illinois ta saye ta a kan dala 995. Ta aika wa NASA don a duba mata. Da aka gwada aka tarar da ƙurar wata maƙale a cikinta, aka kuma gano ta Apollo 11 ce, sai hukumar ta riƙe ta, ta ce ai tata ce. Aka je kotu, alƙali ya ce matar ta yi saye halastacce. Ranar 20 ga Yuli, 2017, Sotheby's ya sayar da jakar a New York a kan dala miliyan 1.8.

Tsakanin 2015 da 2017 ko zare ɗaya bai canza a jikin jakar ba. Abu biyu aka ƙara mata: shaidar masana cewa ita ce, da hukuncin kotu cewa mai ita tana da ikon sayarwa. Duk tazarar da ke tsakanin dala 995 da miliyan 1.8 kuɗin waɗannan amsoshi biyu ne. Duk wanda ya zauna a zauren karatun hadisi zai gane tsarin nan take. Ba a karɓar matani sai an bi isnadi, wane ya ji daga wane, kuma mutum ɗaya mai rauni a tsakiya ya isa ya saukar da darajar ruwayar. Haka masu wannan kasuwa ke bin kaya: daga kumbo zuwa hannun ɗan sama jannati, daga shi zuwa wa, da wace wasiƙa, da wace lambar rajista da ta dace da jerin kayan da aka loda a tafiyar.

Bayan an tabbatar da asali, sai tambayar ina kayan ya kai. Wanda ya taka doron wata shi ne a sama, sai wanda ya kewaya watan bai sauka ba, sai wanda ya tsaya a kewayen duniyarmu, sannan na horo da bai bar ƙasa ba. Mutum 12 kacal suka taka wata tsakanin 1969 da 1972, don haka kayan matakin farko ba sa ƙaruwa. Agogon Bulova da Dave Scott ya ɗaura a kan wata a tafiyar Apollo 15 ya kai kusan dala miliyan 1.6 a 2015, saboda nasa ne na kansa. Agogunan Omega da hukuma ta raba wa 'yan sama jannati kayan gwamnati ne. Rigar da Buzz Aldrin ya sa a cikin kumbon Apollo 11 ta kai kimanin dala miliyan 2.8 a 2022, kuma shi da kansa ya kawo ta gwanjo, babu kowa a tsakani.

Cinikin da ya fi tsaya mini a rai na Lunokhod 2 ne, motar bincike da Tarayyar Soviet ta saukar a wata a 1973. A 1993 Richard Garriott ya saye ta a Sotheby's a kan dala 68,500. Motar tana can inda ta tsaya, ba a kawo masa ko ƙusa ɗaya ba. Takardar mallaka kaɗai ya karɓa. Mu da ke aikin fili mun san wannan sarai, domin mun sha ganin filaye biyu bango ɗaya, mai cikakkiyar takarda ya ninka ɗan'uwansa kuɗi. Amma ban taɓa ganin inda takarda ta tsaya ita kaɗai, babu kayan ko kusa, kamar a nan ba.

Maganar ikon sayarwa ita ce inda mai saye daga nesa ya fi shiga uku. A 2011 an yi gwanjon littafin lissafin da Jim Lovell ya yi rubutu a ciki lokacin da Apollo 13 ya samu matsala, aka taya shi sama da dala 388,000, sai NASA ta tsayar da cinikin tana tambayar wa ya ba shi. Sai a 2012 aka yi dokar da ta mallaka wa 'yan sama jannatin Mercury da Gemini da Apollo ƙananan kayan da suka ajiye. Dokar ba ta haɗa da duwatsun wata ba. Kilo 382 da tafiye-tafiyen Apollo suka kawo na gwamnatin Amurka ne, ƙananan gutsattsarin da aka bai wa ƙasashe kyauta kuma na al'ummar ƙasashen ne. A 1998 jami'an Amurka sun yi shigar masu saye suka ƙwace wanda aka bai wa Honduras daga hannun mai neman dala miliyan 5. Ɗaya daga cikin 'yan samfuran da aka sani sun shiga gwanjo ta halastacciyar hanya shi ne 'yan ƙwayoyi uku da kumbon Luna 16 ya kawo a 1970, waɗanda aka bai wa matar marigayi Sergei Korolev, jagoran ƙera rokokin Soviet. An sayar da su dala 442,500 a 1993, aka sake sayarwa dala 855,000 a 2018. Girman wanda ya ba da kaya ma ba hujja ba ne. Gidan tarihi na Rijksmuseum a ƙasar Holan ya daɗe yana ajiye da wani dutse da aka ce na wata ne, daga kayan wani tsohon firaminista, sai gwajin 2009 ya nuna tsohon icce ne da ya daskare ya zama dutse.

Abin da ɗan Alhaji ya ƙyalla ido a kai hoton Armstrong ne mai sa hannu. A nan aikin ya koma na ido. NASA ta yi amfani da wata na'ura da ke riƙe alƙalami tana kwaikwayon sa hannun 'yan sama jannati don amsa dubban wasiƙu. Na buga hoton sa hannun da ake tallatawa, na buga samfurin na'urar da masana suka wallafa, na daidaita girmansu, na ɗora ɗaya a kan ɗaya a gilashin tagar ofis da hasken hantsi. Suka hau kan juna tsaf, babu inda layi ya kauce. Hannun mutum ba ya maimaita kansa haka. Kaurin tawadar ma ɗaya ne daga farko har ƙarshe, ga ɗan ɗigo a inda alƙalamin ya sauka da inda ya tashi. Armstrong ya daina sa wa jama'a hannu a tsakiyar shekarun 1990, ya rasu a 2012, shi ya sa na gaskiyar ya yi tsada, na jabu ya cika kasuwa.

Lissafin kuɗin ma da nasa tarkon. Farashin da aka buga guduma a kai ba shi mai saye ke biya ba. Gidan gwanjo yana ɗora la'adarsa a kan mai saye, sau da yawa kashi 20 cikin 100 ko fiye, kafin a zo ga haraji, inshora, kuɗin aikowa, kwastan, da canjin dala. Hasashen da ake bugawa a kundi kuma ba alƙawari ba ne. Jakar Armstrong an yi mata hasashen miliyan 2 zuwa 4, ta tsaya ƙasa da haka. A kasuwar Wunti in ka taya aka ce albarka, kana iya yin gaba ka sha iska ka dawo. A gwanjo babu wannan sararin, agogo na tafiya, wani na ƙarawa, zuciya na cewa saura kaɗan. Na rubuta wa yaron cewa ya fara daga jimillar abin da zai iya rabuwa da shi, ya cire duk waɗannan caje-caje, abin da ya rage shi ne iyakar tayinsa, ya rubuta shi a takarda kafin a buɗe ciniki.

Da na kai wa Alhaji rahoto na ce, "Ranka ya daɗe, wannan hoton a bar shi. In don sha'awa ce, a nemi ƙaramin abu mai wasiƙar ɗan sama jannatin da ya fito daga hannunsa. In kuma don riba ce, ban ba da shawara ba, domin ba ya kawo haya, kuma ranar da aka matsu babu mai sayensa a Bauchi." Ya yi shiru, sannan ya ce shi dama ba riba yake nema ba.

Abin da ya dame ni bayan an rufe fayil ɗin namu ne na gida. A farkon shekarun 1960 NASA tana da tashar bibiyar kumbo a Kano, tana cikin tashoshin da suka bi John Glenn lokacin da ya kewaya duniya a 1962. Ranar 23 ga Agusta, 1963, Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda kabarinsa ke nan cikin garinmu, ya yi magana da Shugaba Kennedy ta tauraron ɗan'adam na Syncom 2, ta hanyar wani jirgin ruwa da ke tsaye a tashar Legas. 'Yan ƙasar nan sun yi aiki a waɗannan wurare, sun koma gida da katin shaida, hotuna da wasiƙu. Ina jin tsoron da yawansu suna ƙasan adaka gara na ci, ko an ba yara sun yi wasa da su, domin a rabon gado ba a lissafa takarda cikin dukiya.

Duwatsun da ke faɗowa daga sama ma haka. A watan Oktoba na 1962 wani dutse mai kusan kilo 18 ya faɗo kusa da wani manomi a Zagami, a ƙasar Katsina, daga baya aka tabbatar daga duniyar Mars yake. Saboda an rubuta rana da wurin faɗuwarsa, har yau da sunan ƙauyen ake kiransa a duniya, ana sayar da yankakkunsa da awon giram. Wani dutsen Mars mai kusan kilo 25 da aka tsinta a yankin Agadez a 2023 kuwa, an buga masa guduma a New York a Yulin 2025 a kan dala miliyan 4.3, da la'ada ya kai wajen miliyan 5.3, gwamnatin Nijar kuma ta buɗe bincike kan yadda aka yi ya bar ƙasar.

Masu haƙar ma'adinai kan shigo ofishinmu da baƙin dutse a ƙulle cikin tsumma, su ce daga sama ya faɗo. Mafi yawa tama ce ko kashin maƙera, kuma kama maganaɗisu kaɗai ba ya tabbatar da komai. Yanzu kafin in tura mutum sashen nazarin duwatsu na jami'a, sai mun zauna mun rubuta ranar da ya tsince shi, a gonar wa, su wa suka gani, nawa ne nauyinsa, mu ɗauki hotonsa kusa da ma'auni, ya koma mai unguwa ya sa hannu. Ina kuma roƙonsa kada ya wanke shi, kada ya fasa shi don ganin cikinsa. A fom ɗinmu na kimanta kayan gado ma na nemi maigidana ya ƙara layi ɗaya na tsofaffin takardu da hotuna, da tambayar inda mamacin ya yi aiki da kuma shekarun, ya amince.