Tsohuwar jitata ta Japan

Jiya da daddare na sake ɗaukar jitar bes ɗina, wato jita mai kaurin amo, samfurin Aria Pro II, wadda aka ƙera a masana'antar Matsumoku da ke birnin Matsumoto a Japan. An rufe masana'antar tun 1987, ke nan jitar nan ta girme ni. Kafin su shahara da jita, katakon keken ɗinki na Singer suke yi. Duk lokacin da na shafa bayanta sai in tuna keken mahaifiyata.

Tsirkiya huɗu ce kacal, amma in na taɓa mai kaurin, a ƙirji nake jin amon kafin kunne. Fentin ya goge daidai inda babban yatsan mai ita na farko yake sauka, kuma nawa ma nan yake sauka. Ban san shi ba, amma ina yi masa fatan alheri.

Hunturu ne ke wahalar da ita. Itacen ya bushe, bakin ƙananan ƙarafan da ke jere a wuyan jitar ya fara kartar hannu. Na ɗan murɗa sandar ƙarfen da ke cikin wuyan, wadda ke daidaita miƙewarsa, na bar ta ta kwana. Nauyi gare ta, kafaɗa na ciwo, amma wallahi ba zan sayar ba.