Littafin da na cika da kurakuran Mass Effect

A watan Maris na 2012 na kammala wasan bidiyon nan na yaƙin sararin samaniya, Mass Effect 3, na ajiye abin bugawa, na zauna ina kallon bango. Tun wasan farko na 2007 nake biye da Kwamanda Shepard, jarumin da mai wasa ke sarrafawa, sai ga wani yaro mai kama da fatalwa ya tare ni a ƙarshe ya ce in zaɓi yadda labarin zai ƙare: ja ko shuɗi ko kore. Ƙanena bai buga ba sai bayan watan Yuni na shekarar, lokacin da kamfanin BioWare, masu wasan, ya fitar da ƙarin da ya faɗaɗa ƙarshen labarin kyauta. Shi ya sa muka shekara tara muna musu a kan abu biyu daban, muna zaton abu ɗaya ne.

Da aka haɗa wasannin uku wuri guda a 2021, na samo littafin rubutu, na ce za mu sake bugawa tun daga farko, duk inda labari ya ci karo da kansa in rubuta. Ba neman ilimi ya sa ni ba, so nake in kayar da yaron nan.

Shafukan farko sun cika da wuri. A wasan farko bindigogi ba sa ƙarewa da harsashi, zafi kawai suke yi ka jira su huce. A na biyu sai aka ce an koma amfani da wani kwanso mai zuƙe zafi, idan ya cika a yar a sa sabo, kuma cikin shekara biyun da Shepard ya yi kwance aka yi wannan sauyin. To amma jirgin mahaifin Jacob, ɗaya daga cikin abokan yaƙin Shepard, shekara goma ke nan da faɗuwarsa a wata duniya da ba mai zuwa, ga kwanson nan birjik a ƙasa kana tsinta. Na rubuta, na ja layi biyu. Ƙanena ya leƙa ya ce, "Yaya, wannan ya hana ka barci?" Bai hana ni ba. Masu wasan sun so canza salon faɗa ne, suka nemo masa dalili, dalilin bai rufe ko'ina ba. Irin waɗannan sun fi yawa a littafin, kuma ko ɗaya ban tuna da su ba sai da na zo da biro ina farauta.

Na majaujawar sararin samaniya ya fi nauyi, wato manyan na'urorin nan da ke cilla jirage daga wannan rukunin taurari zuwa wancan. A ƙarin labarin da ya fito a 2011, Shepard ya buga wa ɗaya daga cikinsu ƙaton dutse, fashewarta ta shafe rana da duniyoyinta, 'yan jinsin halittun Batarian sama da 300,000 suka halaka. Shekara guda bayan haka, a ƙarshen da na gani, dukkansu suka tarwatse, har da wadda ke kusa da duniyarmu. Ke nan wa ka ceta? Kuma abokan yaƙin da ke bayana a Landan, ta yaya suka bayyana cikin jirginmu Normandy yana gudu? Nan ƙanena ya yi dariya, domin a nasa ƙarshen lalacewa kawai suka yi ana iya gyarawa, kuma an nuna Normandy ya sauko ya kwashe waɗanda suka ji rauni. Sai dai an gudu ba a tsira ba: jirgin ya sauka a gaban Harbinger, shugaban Reapers, wato dodannin ƙarfen da muke yaƙa, wanda yanzun nan yake ƙone tankoki, shi kuwa ya tsaya yana kallo har aka gama bankwana. Wannan kam ƙanena bai kare ba.

Abin da ya ba ni kunya nawa ne. Shekaru ina cikin masu cewa duk ƙarshen nan ba gaske ba ne, Reapers ne suka shiga kan Shepard suna juya masa tunani. Hujjojinmu ba na banza ba ne: mafarkin dajin nan mai baƙaƙen inuwoyi, yaron da kamar ba mai ganinsa sai Shepard, bindigar da ba ta ƙarewa, da numfashin da ake ganin Shepard ya ja cikin ɓaraguzai. Da na sake bugawa ina rubutawa, sai na kama kaina ina yin abin da nake zargin wasu: abin da ya dace da ra'ayina in ce alama ce, wanda bai dace ba in ce kuskuren masu zane ne. Ra'ayin da kowace hujja ke ƙara masa ƙarfi, har da wadda ta saɓa masa, ba a iya gwada shi. Na riƙe shi ne don ya ba ni damar cewa ainihin ƙarshen yana nan tafe.

Inda gizo ke saƙar shi ne maganar yaron. Ya ce halittun ƙarfe masu tunani dole wata rana su hallaka waɗanda suka ƙera su, don haka Reapers ke zuwa duk bayan shekara 50,000 su girbe al'ummomin da suka ci gaba kafin hakan ta faru. Ni kuwa da hannuna na sulhunta Geth, halittun ƙarfe, da Quarian da suka ƙera su, a duniyar Rannoch, bayan gabar kusan shekara 300, kuma sulhun bai zo a sauƙaƙe ba, sai da abokan yaƙina Tali 'yar Quarian da Legion ɗan Geth suka tsira tun a wasa na biyu. Na ce wa ƙanena ga babban kuskure. Ya ce, "Yaya, sulhun naka kwana nawa ne? Shi ya ga miliyoyin shekaru." Ya tuna mini ƙarin Leviathan, inda aka nuna wata tsohuwar al'umma ce ta ƙera yaron don ya warware wannan matsalar, ya juya ya fara da su. Na'ura ce da ta fahimci umarni a karkace. Idan mugu a labari ya yi gurguwar hujja, labarin bai yi kuskure ba.

Na yarda, na soke layin. Amma a gefensa na rubuta abin da ya rage, wanda shi ne ya zaunar da ni a 2012 ban san sunansa ba. Wasa uku Shepard yana mayar wa kowa magana, ya yi musu da miyagun wasan farko, Saren da Sovereign, amma a gaban yaron nan ban samu zaɓin da zan ce masa ya dubi Rannoch ba. Ƙanena ya yi shiru, sannan ya ce wannan ba ramin labari ba ne, amma ya gane.

Shafi ɗaya ne har yau ba mu taɓa ba. A wasa na biyu Tali ta je duniyar Haestrom binciken wata rana da ke tsufa da saurin da bai kamata ba, aka ambaci baƙin makamashi, daga nan maganar ta bi ruwa. Drew Karpyshyn, jagoran marubutan wasan farko, ya faɗa daga baya cewa sun taɓa tunanin ɗora dalilin Reapers a kan wannan. Ni na ce da an bi can da ya fi, ƙanena ya ce ina yabonsa ne kawai don ban taɓa ganinsa an rubuta ba. Ya karɓi littafin ya tafi da shi, wai zai fara nasa da Andromeda, wasan Mass Effect da ya biyo bayan ukun nan.