Yadda na gano abin da ya kunna fitilar batir a motata

Jar fitilar nan mai hoton batir ba lokaci ɗaya ta zauna a kunne a motata ba. Da farko takan ɗan haska ne idan na tsaya a danja, da na taka totur sai ta mutu, har wata rana da magariba ta kama ta ƙi mutuwa, fitilun gaba kuma suka soma dishewa. Duk wanda na gaya wa sai ya ce in sayi sabon batir, amma ban karɓi wannan shawara ba, domin babban aikin batir shi ne tayar da injin. Da zarar injin ya tashi, altaneta ce ke ba mota wuta, tana kuma mayar wa batir abin da ya kashe. Ita fitilar tana tsakanin wutar da ke zuwa daga makulli da wadda ke fitowa daga altaneta, idan ɓangarorin biyu suka yi daidai sai ta mutu, idan kuwa altaneta ta gaza sai ta kama. Ke nan abin da take sanarwa shi ne caji ya tsaya, kuma motar tana cin ragowar abin da ke cikin batir ne kawai.

A wannan magaribar, nan take na kashe na'urar sanyaya mota da rediyo don in rage cin wuta, na kama hanyar gida idona yana kan allurar zafin injin. Dalilin sa ido a kanta shi ne, a irin motata fanbel guda ne yake juya altaneta da famfon ruwa da famfon sitiyari, don haka da a ce shi ne ya tsinke, da sitiyari ya yi tauri, injin kuma ya ɗauki zafi cikin 'yan mintoci, wanda asararsa ta fi ta batir nesa ba kusa ba. Allurar ba ta motsa daga inda ta saba tsayawa ba.

Washegari na buɗe bonet kafin in tayar da motar. Fanbel yana nan da ƙarfinsa, babu tsaga, cikinsa kuma bai yi santsin da ke sa shi zamewa ba. A kan batir akwai farin gari mai sirkin kore da ya taru a gindin jar waya, sai na kwance, na wanke da ruwan zafi, na goge da sanfefa har ƙarfen ya fito fes, sannan na ɗaure tamau. Wannan datti shi kaɗai yana iya hana caji shiga, shi ya sa ban tsallake shi ba, amma da na tayar da injin fitilar tana nan a kunne.

Daga nan sai na ɗauko mitar awon wuta, na saita ta a kan bolt 20, bolt kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin wuta. Lafiyayyen batir mai cikakken caji yakan nuna kusan 12.6 idan injin yana kashe, nawa kuwa 12.1 ya nuna, alamar ya sha aiki amma bai mutu ba. Idan injin yana aiki ya kamata a ga tsakanin 13.8 da 14.5. Ni 11.9 na gani, da na kunna fitilun gaba kuma lambar ta ci gaba da sauka a gaban idona. Na duba babban fis na altaneta na same shi lafiya, na cire soket ɗin bayanta na mayar, sannan na auna a kan babbar ƙusar da wuta ke fita ta kanta daga altanetar, abin da na samu kuma daidai yake da na kan batir. Wannan awo na ƙarshe shi ya wanke wayoyi daga zargi, ya bar altanetar ita kaɗai.

Mai riwaya da na kai wa motar yana jin bayanina sai ya ɗauko sifana ya ce, «Alhaji, bari mu cire kan batir mu gani ko za ta mutu.» Na roƙe shi da ya bari. Wannan gwaji ya yaɗu a garejojinmu, kuma ina ganin lokaci ya yi da za a daina shi, saboda batir ne yake shanye hauhawar wutar da altaneta ke fitarwa, idan aka cire shi injin yana aiki wutar tana iya yin sama farat ɗaya ta ƙona diyod, wato ƙananan kayan cikin altaneta masu barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, ko kwamfutar injin, kayan da kuɗinsu ya ninka na gyaran da aka zo yi. Na nuna masa abin da mita ta nuna, ya gamsu, muka sauke altanetar.

Da aka cire murfin bayanta, matsalar ta fito fili. Ƙananan burushin kabon guda biyu da ke gogar zoben tagulla sun cinye har ɗayansu ya kusa shigewa cikin gidansa, sifirin da ke tura shi ba ya iya danna shi sosai, zoben kuma ya yi baƙi da garin kabon da ƙura. Ta waɗannan burushi ne wuta ke shiga cikin ɓangaren da ke juyawa ta mayar da shi maganaɗisu, don haka idan suna taɓawa suna saki, caji ma zuwa yake yana ɗaukewa, abin da ya sa fitilar ta yi ta kamawa tana mutuwa tun da farko. Mun auna diyod ɗaya bayan ɗaya, kowanne yana barin wuta ta wuce ta gefe guda kawai kamar yadda ya dace. Na sayo sabon gidan burushi a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano, aka goge zoben, aka haɗa.

Kafin a mayar da batir na sa an yi masa caji cikakke a kan injin caji, domin barin altaneta ta cika batirin da ya yi ƙasa sosai yana sa ta zafi fiye da kima. Da muka tayar, mita ta nuna 14.2, da aka kunna fitilu da na'urar sanyaya mota gaba ɗaya kuma ta tsaya a 13.9. Na daɗe ina kallon lambar don in tabbatar ba ta haura 15 ba, domin hakan zai nuna regileta, mai daidaita ƙarfin wutar da altaneta ke fitarwa, ta lalace, batir ya riƙa tafasa yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ba ta haura ba, kuma tsohon batirin da aka ce in jefar shi ne yake tayar da motar har yanzu.