Abin da aikin tsohon gidan nan ya koya min

Na miƙa makullan sito na bar aikin, to bari in faɗi abin da ke raina tun ban huce ba. Waɗanda munka yi aikin tare sun san gidan da nike nufi ba sai na kama suna ba, tsohon ginin ƙasa ne cikin tsohon garin Sakkwato, da zaure mai rufin ɗaurin guga da soraye, anka ce a gyara shi kuma a tada sabon ɓangare na bulo a gefensa don ajiye takardu da kayan tarihi.

Rigimar duk a kan yaɓe ta faro. Akwai wani dattijon magini da munka ɗauko, muna ce mishi Baba, tun yana yaro yake bugun tubali, shi ya ce a yi ma bangon makuba ta kwasfar ɗorawa, rufin soro kuma a yi mishi laso kamar yadda anka saba, katsin marina da gashin jima da dafara. Kuma fisabilillahi garin da anka sani da jar akuya da majema gashin jima ne zai yi wuya? Oga ya ce shi ba zai kawo manyan baƙi su ga laka ba, a kafa waya a bango a watsa fulastan siminti a yi fenti. Na ce yallaɓai, bangon ƙasa yana shan danshi yana fitarwa, in anka rufe shi da siminti ruwan da ya shiga ta ƙasa ko ta tsaga ba ya da hanyar fita, ƙasar za ta jiƙe ta ciki, gara ta samu azara. Amsar da ya ba ni a gaban leburori ita ce shekara nawa na yi da gama makaranta. Baba kuwa ya ce "ranka ya daɗe bangon nan ya girmi kakanka, kar a sa mishi rigar da ba tashi ba", washegari anka sallame shi wai yana jan aiki.

Ba nan abin ya tsaya ba, rufin kwanon sabon ginin anka karkato shi yana zubo da ruwa daidai gindin tsohon bango, indararo guda biyu kuma anka toshe su wai suna ɓata kyan gaba. Duk ɗan Sakkwato ya san ruwan Agusta, ba ya da tsawon lokaci amma in ya sauka ya sauka. Kafin damina ta fita fulastan ya kumbura, in ka ƙwanƙwasa sai ka ji fanko, daga baya ya ɓalle ya taho da naman bangon, kusurwar zauren ta zauna. Da anka zo rubuta rahoto sunana ya fito, wai mai kula da wurin aiki bai sa ido ba. Wallahi ban yafe wannan rahoton ba har yanzu, ni da na yi magana anka ce in yi shiru.

Abin da ke ƙara min zafi shi ne ilimin nan namu ne. Masallacin Juma'a na Zariya, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina shi tun ƙarni na 19 ba rodi ba kankare, har gobe masu karatun zanen gini na zuwa kallon bakan gizonsa, wato lanƙwasassun ginshiƙan ƙasa da ke riƙe da rufin. Gidan Makama a Kano ginin ƙasa ne kuma shi ne gidan tarihinsu. Mu da Sarkin Musulmi Bello ya kafa garinmu a 1809, muna da Hubbaren Shehu, muna da tarin takardun da Waziri Junaidu ya adana, amma muna jin kunyar laka. Ga shi a zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, soron ƙasa ya fi ɗakin bulo sanyi nesa ba kusa ba, kuma takardun hannu irin na Shehu Abdullahi da Nana Asma'u wuri mai sanyi marar danshi suke so.

Ƙannena da za ku shiga irin wannan aiki, duk shawarar da kunka ba oga ku sa ta a rubuce da kwanan wata ku riƙe kwafi. Ku ɗauki hoton kowane bango kafin a taɓa shi. Tsakanin tsohon gini da sabo a bar rata, kar a ɗaure su wuri ɗaya don ba tare suke motsi ba. A sa kuɗin yaɓen shekara shekara cikin kasafi tun farko.

Kusurwar da ta zauna, da kaina na tafi gidan Baba na roƙe shi ya dawo, shi ya tada ta da tubali da sababbin azara na giginya, kuma ita kaɗai ce ba a sa ma siminti ba. Ladan aikinsa na ƙarshe dai har na baro wurin ba a cika mishi ba.