Kalmar "zo" da abin da ke cikinta

Daren jiya 'yata ta kawo mini aikin gida na Turanci, an ce ta ba da misalin imperative. Na ce mata ai umarni ne, abin da muke yi tun asuba: tashi, zo, kawo buta. Sai ta ce, "Baba, to me ya sa a jarida aka rubuta cewa riga-kafi imperative ne?" Nan na yi mata bayani cewa Bature yana amfani da kalmar da ma'anar wajibi kuma, abin da ba makawa sai an yi shi.

Abin ya tuna mini da zaure, lokacin da malaminmu ke karantar da mu fi'ilul amri, wato umarni a nahawun Larabci. Malaman usulu, wato masana tushen fiƙihu, sun ce asalin umarni wajabci yake nunawa, sai in wani dalili ya karkatar da shi. Ashe ma'anonin biyu 'yan gida ɗaya ne.

Amma ni umarnin Hausa ya fi burge ni. "Zauna" tsirara ga mutum ɗaya kawai ake faɗarta. In mutane suna da yawa, dole ka ce "ku zauna". Hani kuwa sai da "kada". Kuma ban taɓa cewa mahaifina "zauna" ba. "A zauna, Baba" nake cewa, kamar ba da shi nake ba, kuma har yau haka nake so 'ya'yana su riƙa yi wa kakansu magana.