Mako uku ina wankin abin da ba tabo ba ne

Jiya bayan la'asar shatin zoben da gindin jug ya bari ya ɓace daga kantar mabul ta kicin ɗinmu a Aboabo, har na kira maigida ya zo ya shafa da hannunsa. Da na nemi shawarar yadda zan fitar da shi, ku da kuka ce in sake kwaɓa bekin soda, na gode, amma ba nan matsalar take ba.

Ƙanwata ce ta bar jug ɗin sobolo ya kwana a kan farin mabul, ta kuma matse lemun tsami a ciki. Jan ya fita tun kwaɓi na biyu: ruwan haidirojin na wanke ciwo (hydrogen peroxide) na kemis da bekin soda, na rufe da leda, na liƙe da salatif, kwana biyu. Tabon manjan da ke kusa da murhu ma haka, sai dai shi da asiton, ruwan goge jan farce, na kwaɓa. Abin da ya rage shi ne wani zobe fari-fari, dusu-dusu, wanda ba ka ganinsa sai ka sunkuya hasken taga ya bugi dutsen.

Sau biyar ina ɗora masa kwaɓi. Biyar! Har na sayo sila ta sidi 380, na shafa, na zauna ina jiran ikon Allah. Kuɗin nan har yanzu yana min ciwo, domin sila ramukan dutse kawai take toshewa kada mai da launi su shiga; ba ta hana tsami ci.

Farce ne ya tona asirin. Na ja shi a kan zoben, na ji kaushi. Ashe babu abin da ya shiga dutsen, dutsen ne ya zaizaye. Mabul danginsu ɗaya da alli da farar ƙasa, duk abu mai tsami, ko lemo ko tumatir ko binega, narkar da fuskarsa yake. Ina ta ƙoƙarin tsotso datti daga wurin da sheƙi ne ya tafi.

Sai na koma sanfefar ruwa. Na fara da mai lamba 800, na wuce 1500, sannan 3000 da ta fi su laushi, ina yayyafa ruwa, ina zagayawa a hankali, ina ɗan faɗaɗa da'irar kowane mataki kada gefe ya fito. A 800 gabana ya faɗi, wurin ya zama fari fat kamar an zuba koko, na ce shi ke nan na kashe kantar. Sai a 3000 ya soma dawowa. Garin goge mabul da ɗanyen tsumma suka ƙarasa, wajen minti 20, kafaɗata kamar ta cire.

Yanzu wata sabuwa: wurin ya fi sauran kantar ƙyalli, don shekarunta shida ana aiki a kanta. Ko in bi ta duka da garin, ko in bar shi ya dushe da kansa. Jug ɗin dai na saya masa faranti, kuma ƙanwata ta ce wai na fi damuwa da dutse a kan mutane.